Gidan naman da ya hana shiga da bindiga a bayyane: abin da na ci da abin da na gani a Houston

A kudu maso yammacin birnin Houston da ke jihar Texas ta Amurka, cikin jerin shagunan nan da ake ginawa a layi ɗaya da filin ajiye motoci a gabansu, akwai wani gidan cin abinci da ke sayar da naman halal wanda aka gasa da hayaƙi irin na mutanen Texas. Na ci abinci a can sau shida a cikin wata takwas, kuma da ba don abin da na tarar a shafin da ake ba gidajen abinci taurari ba, da ban yi rubutu a kansa ba. Na ga mutane a jere sun ba shi tauraro ɗaya-ɗaya, amma da na karanta abin da suka rubuta, babu wanda ya ce naman ya yi tauri, ko an bar shi yana jira, ko wurin ba shi da tsabta. Kukansu guda ne, wato allon da ke manne a jikin ƙofa, wanda ya hana shiga da bindiga a bayyane. Saboda haka ba zan faɗi sunan gidan ba, don kada in ƙara jawo masa masu irin wannan aiki. 'Yan uwa mazauna yankin sun san shi, wanda bai sani ba kuma tambaya ɗaya bayan sallar Juma'a ta ishe shi.

Zan fara da naman, tunda shi ake zuwa ci. Babban abin da suke taƙama da shi shi ne ƙirjin sa, wanda a nan ake kira brisket. Ba sa sa masa komai sai gishiri da masoro, sannan su ajiye shi a cikin wata doguwar tanda ta ƙarfe, wuta tana ci a gefe guda, hayaƙin itace yana ratsa naman a hankali fiye da awa goma sha biyu. Bahaushen da ya saba da tsire da balangu zai fara neman yaji da ƙuli-ƙuli, kuma ba zai samu ba. Ni ma karon farko na ji kamar an manta da wani abu. Sai a zuwa na biyu na gane cewa a wannan gashi kitsen da ya narke ya shige cikin tsoka shi ne yake yin aikin da yaji yake yi a wurinmu. Bayan naman baƙi ne ƙirin, mai ɗan kauri, cikinsa kuwa da cokali mai yatsu ma ana iya raba shi. Mai yanka zai tambaye ka ko ɓangaren kitse kake so ko na tsoka, kuma shawarata ita ce ka nemi na kitse, domin na tsokar yana saurin bushewa da zarar ya huce. A kan takarda mai ruwan ƙasa suke zuba shi, da yankakkiyar albasa da kokwamba mai tsami da farin burodi, abin da ya tuna mini da mai tsire yana naɗe nama a takarda, sai dai nan da awo ake sayarwa, kuma abin da mutum biyu za su ci su ƙoshi ba ya gaza dala talatin.

Haƙarƙarin sa ma yana da kyau ƙwarai, amma ranar Asabar da Lahadi kaɗai ake yinsa, kuma kafin ƙarfe biyu na rana ya ƙare. Kazarsu ba ta kai a bar gida dominta ba. Waken da suke haɗawa da naman ya cika zaƙi, kamar yadda girkin Amurka ya saba, shinkafarsu kuwa sau biyu na same ta a sandare. Wurin yana da tsabta, akwai ɗan lungu da aka shimfiɗa darduma don mai son yin sallah, kuma takardar shaidar inda suke sayen naman tana rataye kusa da wurin biyan kuɗi, ba sai an tambaya ba.

Yanzu sai maganar allon, wadda ba za ta fahimtu ba sai an san yadda dokar Texas take. Tun ranar 1 ga Janairu, 2016, mai lasisi yana da damar rataya ƙaramar bindiga a cikin kubenta ya shiga jama'a kowa yana gani. Daga ranar 1 ga Satumba, 2021 kuma, aka sauke sharaɗin lasisin ga wanda ya kai shekara 21 matuƙar babu wata doka da ta haramta masa mallakar makami. Amma dokar da ta ba ɗan ƙasa wannan dama ita ce kuma ta ba mai shago damar ya ce ba a cikin shagonsa ba, ta hanyar manna allo. Alluna uku ne, kowanne da lambar sashen dokar da ya kafa shi: 30.05 yana hana marar lasisi shiga da bindiga, 30.06 yana hana mai lasisi shiga da ita a ɓoye, 30.07 kuma yana hana mai lasisi shiga da ita a bayyane. Dole a rubuta allon da Turanci da Sifaniyanci, da manyan baƙaƙe waɗanda tsayinsu bai gaza inci ɗaya ba, da launin da ya fita sarai. Wanda ya tsallake allon ya shiga, tararsa ba ta wuce dala 200 ba, amma idan aka faɗa masa da baki ya fita ya ƙi, laifin ya girma, har yana iya kai shi gidan yari na tsawon shekara guda da tarar dala 4,000.

Wannan gida ya manna 30.05 da 30.07, bai manna 30.06 ba. Ma'anar haka a sauƙaƙe ita ce mai lasisi yana iya shiga da bindigarsa ya ci namansa, muddin ya saki riga a kanta. Yawancin waɗanda suka zubar wa gidan taurari sun rubuta cewa ya hana bindiga ɗungurungum, abin da ke nuna cewa ko dai ba su tsaya sun karanta allon ba, ko kuma ba su taɓa taka ƙofar ba.

A zuwana na huɗu ne na ga yadda abin yake gudana da idona. Ranar na kai kawuna, wanda ya zo daga Kano duba lafiyar idonsa, muna zaune kusa da ƙofa, sai wani dattijon Bature mai furfura ya shigo da matarsa, bindiga a ƙugunsa na dama. Kawu ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya matso kusa da ni ya ce, "Kai yaro, wannan ɗan sanda ne ko soja?" Na ce, "A'a Kawu, mai sayen nama ne kamar mu." Bai sake magana ba, amma bai koma kan abincin ba. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ba ta ce wa mutumin komai ba, ta dai leƙa ciki, sai ga mai gidan ya fito yana goge hannu. Ya gaishe su, ya ja mutumin gefe, ya yi magana da shi da murya ƙasa-ƙasa, ta yadda in ban da mu da ke kusa babu wanda ya ji. Ya ce masa idan yana da lasisi ya saki rigarsa kawai ya zauna, idan kuma ba ya son haka, ya faɗi abin da yake so a naɗe masa a kai masa mota. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba ya ɓoye abin da doka ta halatta masa, ya zaro wani ɗan kati daga aljihu ya ajiye a kan kanta, ya yi sallama ya fita da matarsa.

Irin wannan kati sananne ne a tsakanin masu rajin ɗaukar bindiga a Amurka. A fuskarsa akwai hoton bindiga da aka soke da jan layi, da alamar dala ita ma an soke ta, wato babu bindiga babu kuɗi. A bayansa kuma yawanci akan rubuta cewa mai katin an binciki tarihinsa kafin a ba shi lasisi, ba a taɓa kama shi da babban laifi ba, sannan a tambayi mai shagon ko zai iya faɗin haka game da sauran masu shigowa. Ni ban ga laifin dattijon nan ba ko kaɗan. An gaya masa sharaɗin gida, bai yi masa ba, ya bayyana dalilinsa cikin ladabi, ya tafi da kuɗinsa wani wuri. Ciniki ba dole ba ne, kuma a Houston gidajen naman da za su karɓe shi da bindigarsa ba su ƙirguwa. Mai gidan ma ya ɗauki katin ya karanta, ya sa a aljihun gaba, bai jefa shi kwandon shara a gaban mutane ba, kuma wannan yana cikin abin da ya ƙara masa daraja a idona.

Bai kamata mai karatu a gida ya ɗauka cewa mutane irin wannan dattijo ba su da hujja ba, domin a Texas hujjarsu tana da tarihi mai ciwo. Ranar 16 ga Oktoba, 1991, wani mutum ya kutsa da motarsa cikin gidan abinci na Luby's a garin Killeen, ya buɗe wuta ya kashe mutum 23. Cikin waɗanda ke wurin akwai Suzanna Hupp, wadda ta bar bindigarta a mota saboda dokar lokacin ba ta yarda ta shiga da ita ba, kuma mahaifinta da mahaifiyarta duka suna cikin waɗanda aka kashe. Shaidar da ta riƙa bayarwa a gaban 'yan majalisa tana cikin abin da ya kai ga dokar ɗaukar bindiga a ɓoye da gwamna George W. Bush ya sa wa hannu a 1995, daga baya ita kanta ta zama 'yar majalisar jihar. Saboda haka idan ɗan Texas ya ce allon ƙofa ba ya hana mugu shiga, mutumin kirki kaɗai yake kwance wa ɗamara, ba daga sama ya tsinto maganar ba. Sai dai abin da Hupp ta rasa a ranar shi ne damar samun bindigarta a jakarta, kuma wannan damar ita ce gidan naman nan ya bar wa duk mai lasisi. Abin da ya hana shi ne nuna ta, wanda wani al'amari ne daban, domin mai cin abinci da 'ya'yansa ba shi da hanyar sanin ko wanda ya shigo da makami a ƙugu mutumin kirki ne ko akasin haka, kuma ba zai iya tambayarsa lasisi ba.

Wanda ya bi tarihin manyan kamfanoni zai ga cewa sau da yawa zafin martanin masu bindigar ne ya jawo musu rufe ƙofar da take a buɗe. Starbucks, kamfanin shagunan shan kofi, ya daɗe yana bin dokar kowace jiha ba tare da ya ce uffan ba, har masu rajin bindiga suka riƙa shirya ranar godiya gare shi, suna taruwa a shagunansa da makamai. A watan Agusta na 2013 aka shirya irin wannan taro har a Newtown, garin da aka kashe yara a makarantar Sandy Hook watanni takwas kafin nan, shagon garin ya rufe da wuri, kuma a watan Satumba shugaban kamfanin na lokacin, Howard Schultz, ya fitar da wasiƙa yana roƙon jama'a su daina shigowa da bindiga. A watan Mayu na 2014 wasu 'yan ƙungiyar Open Carry Texas, masu rajin ɗaukar bindiga a bayyane, suka shiga wani reshen gidan abinci na Chipotle a yankin Dallas da dogayen bindigogi suka ɗauki hoto, bayan 'yan kwanaki kamfanin ya yi irin roƙon da Starbucks ya yi, babban kantin Target ma ya bi sahu a watan Yuli. Har ƙungiyar NRA, uwar masu kare haƙƙin mallakar bindiga, ta soki wannan salo a lokacin, ko da yake ta janye sukar bayan magoya bayanta sun yi mata ca. Gidan abinci na Whataburger, wanda mutanen Texas suke ji da shi kamar ɗan gida tun kafuwarsa a Corpus Christi a 1950, ya sanar tun a 2015, kafin sabuwar dokar ta fara aiki, cewa ba za a shiga da bindiga a bayyane ba amma mai lasisi yana iya shiga da ita a ɓoye. H-E-B, babban kantin kayan abinci na jihar, shi ma ya manna 30.07. Manyan kantunan Walmart da Kroger sun jure har 2019, sai bayan kisan da aka yi a wani reshen Walmart na El Paso ranar 3 ga Agusta na shekarar suka roƙi masu saye su daina ɗaukar makami a fili. Ke nan tsarin da ɗan ƙaramin gidan naman nan ya ɗauka shi ne wanda manyan da mutanen jihar ke shiga kullum suka ɗauka, amma shi ne aka fi iya yi wa illa, saboda taurari ashirin ba sa girgiza Walmart, shi kuwa suna iya hana baƙo juyo da mota.

Wasu daga cikin masu sharhin sun rubuta cewa gidan ya take musu haƙƙin da kundin tsarin mulki ya ba su, wasu ma sun kira abin wariya. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, mai kare haƙƙin riƙe makami, wanda aka amince da shi a 1791, gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai tilasta wa mai shago ya karɓi kowa da abin da ya ɗauko ba. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 kuma ta hana gidan abinci korar mutum saboda launin fatarsa ko ƙabilarsa ko addininsa ko ƙasar da ya fito, waɗanda duk ba abubuwa ne da ake cirewa a ajiye a mota ba. Ni da nake baƙar fata kuma Musulmi a wannan ƙasa, kalmar wariya tana da nauyi a kunnena, kuma ban ji daɗin ganin an ara ta an yafa wa batun sakin riga a kan kube ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wani labari da mai gidan ya ba ni a zuwana na ƙarshe, cewa wani ya shigo ya tsaya yana yi wa yarinyar kanta tsawa a kan allon, yana ɗaukar ta bidiyo da wayarsa, har ta yi kuka. Yarinyar ɗaliba ce da ke aikin ƙarshen mako, ba ita ta manna allon ba, ba ta kuma da ikon cire shi. Haushin kaza ne aka huce a kan dami. Tun daga ranar ne mai gidan ya kafa ƙa'idar cewa babu ma'aikacin da zai yi magana da mai bindiga sai shi ko manajansa, wadda ita ce na ga an bi ranar da na je da Kawu. Ya kuma ce mini dalilinsa na manna allon bai shafi siyasa ba: yawancin masu cin abincinsa iyalai ne daga ƙasashen da ganin bindiga a hannun farar hula yake nufin masifa ta iso, kuma ya taɓa ganin teburi biyu sun tashi sun bar abinci saboda wani ya shigo da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ban ga dalilin da zan musa masa ba.

Duk da haka gidan yana da nasa sakaci a wannan batu, kuma shi ne ya rage masa tauraro a wurina. Ƙofar gefe, wadda masu zuwa karɓar abincin da suka yi oda suka fi bi, ba ta da allon 30.07, alhali doka ta ce a manna shi a kowace mashiga, don haka mutum yana iya shigowa da zuciya ɗaya a tare shi a tsakiyar jama'a. Ba su kuma rubuta sharaɗin a shafinsu na intanet ba, sai mutum ya yi tuƙin minti arba'in cikin cunkoson Houston kafin ya sani. Mafi muni shi ne filin ajiye motocin, wanda rabin fitilunsa sun mutu kuma babu kyamara a ɓangaren baya. Wanda ba shi da lasisi ba shi da zaɓi sai ya bar bindigarsa a mota, kuma fasa mota a sace bindiga matsala ce da 'yan sandan birnin suka sha yin gargaɗi a kanta. Wanda ya ce a bar makami a waje, ya kamata ya damu da yadda wajen yake. Na faɗa wa mai gidan haka, ya ce fitilun alhakin mai ginin ne, amma batun ƙofar gefe da na shafin ya amsa cewa nasa ne.

A hanyarmu ta komawa gida ranar da dattijon nan ya shigo da bindiga, Kawu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tuna mini hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Musa, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani rauni. Ya ce shi a fahimtarsa ba a ƙwace wa mutumin kibansa ba, an dai ce ya lura da waɗanda ke kewaye da shi. Na ce masa kusan abin da allon yake nema ke nan, sai ya ce to shi dai da a Kano ne da tuni an watse an bar wa mai naman namansa.

Na ba gidan taurari huɗu cikin biyar: uku na ƙirjin san da haƙarƙarin, ɗaya na yadda mai gidan ya sallami mutumin da bai yarda da sharaɗinsa ba ba tare da ya kunyata shi ba. Na riƙe na biyar har sai an gyara ƙofar gefe da shinkafar. Mai niyyar zuwa ya je ranar Asabar kafin azahar, ya nemi ɓangaren kitse, ya ajiye motarsa ta gaba inda fitila ke aiki, idan kuma ba ya iya cin nama babu yaji, ya taho da nasa a aljihu, domin Kawu haka ya yi a zuwansa na biyu kuma babu wanda ya hana shi.